Kare ya rame, ciki ya kumbura: kansar hanta ce ko wani abu ne daban?

Jama'a akwai maganar da na lura ta fara zama ruwan dare a bakin masu karnuka a wajenmu, tun daga Sumaila da Takai har ka gangara Birnin Kudu da Gwaram, musamman samarin 'yan farauta da yanzu kowa da wayarsa a hannu. Da zarar kare ya daina cin abinci, ya rame haƙarƙari duk a waje, ciki kuma ya kumbura, sai ka ji an ce ai kansar hanta ce, shikenan a rabu da shi. Wani ma bai taɓa karen ba balle ya ɗaga leɓensa ya ga launin dasashi, hoto kawai aka tura masa ta WhatsApp ya yanke hukunci. Wallahi abin nan yana damuna, dan mafi yawan karnukan da ake yi wa wannan hukunci ba kansa ce da su ba, cuta ce da magani zai iya ɗauka da an gano ta da wuri. Sannan ko da ta tabbata kansar ce, ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai wadda in aka yi aiki aka cire ta kare zai ƙara shekaru yana bin ubangidansa.

Na san wani zai ce mutane ma ba su samu magani ba ana maganar kare. Na ji, kuma ban raina wannan magana ba. Amma ka je ka tambayi mafaraucin da ya yi shekara biyu yana horar da kare ɗaya kafin ya iya bin sawu, ko Bafulatanin da karensa ne ke kwana a bakin garke, za su gaya maka wannan dukiya ce. Addini ma ya yarda a ajiye kare dan farauta da tsaron gona da kiwo, kuma duk wanda ya zauna gaban malamai ya san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishi Allah Ya gafarta masa. In ka ajiye dabba haƙƙinta ya hau kanka, har da neman sanin abin da ke damunta.

To bari mu fara da gaskiyar farko, kansar da ke tsirowa daga hantar kare ita kanta ba ta da yawa ko kaɗan. A lissafin likitocin dabbobi ba ta kai kashi 2 cikin 100 na duk kansar da ake samu a karnuka ba, kuma galibi tsofaffi take kamawa, 'yan shekara 10 zuwa sama. Wannan lissafi daga Amurka da Turai ya fito, inda kare ke tsufa a cikin gida yana samun rigakafi. Namu na ƙauye kuwa kaska da tsutsa da maciji da mota da guba suna kwashe da yawa tun kafin su kai wannan shekaru. Dan haka in karenka ɗan shekara biyu ne ko uku ya kwanta da shawara, kansa ita ce kusan ta ƙarshe a jerin abin da ya kamata ka zarga. Wani abin kuma, ƙarin da ake gani a hanta mafi yawanci ba a can ya fara ba, daga saifa ko hanji ko nonon karya ya taso jini ya ɗauko shi ya sauke a hanta, tunda duk jinin da ya fito daga ciki da hanji da saifa sai ya ratsa ta hanta kafin ya koma zuciya. Irin wannan baƙon ƙari ya ninka na asalin hanta fiye da sau biyu.

Ita kansar asalin hantar ta kasu ne gwargwadon naman da ta tsiro daga gare shi. Wadda ta fi yawa, kusan rabin duka, daga ƙwayoyin naman hantar kansu take fitowa. Ta biyu daga hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi, wannan muguwa ce, saurin bazuwa gare ta zuwa kaluluwa da huhu da fatar da ta lulluɓe kayan ciki. Sai wata da ake ce wa kasinoyid, daga wasu 'yan ƙwayoyi masu fitar da sinadarai take tasowa, da wuya ƙwarai a gamu da ita, takan kama karen da bai kai waɗancan tsufa ba, kuma kafin a farga ta gama da hantar gaba ɗaya. Sai dangin sakoma, masu fitowa daga jijiyoyin jini da naman da ke riƙe da hanta. A cikinsu akwai ta jijiyar jini wadda ta fi son karnukan nan Alseshan da ake ce wa karen 'yan sanda, yawanci a saifa take farawa, rana ɗaya ta fashe jini ya cika ciki, kare yana lafiya da safe da yamma ya zube dasashi ya yi fari fat. Ga kuma limfoma, kansar fararen ƙwayoyin jini, ita ma tana sauka a hanta ta kumbura ta.

Amma abin da na fi so mai kare ya riƙe ba sunayen nan ba ne, yadda ƙarin ya zauna a cikin hantar ne. Hantar kare ɓangare shida ce, duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci yana fiɗa ya san hanta rabe take ba dunƙule ba. Wani ƙarin ƙato ne guda ɗaya tal, ya kama ɓangare ɗaya ya bar sauran lafiya lau. Wani ƙananan ƙulalai ne warwatse a ɓangarori da yawa. Wani kuma ba shi da iyaka ma, ya ratsa naman gaba ɗaya ba ka iya cewa ga inda ya fara ga inda ya ƙare. A ido ƙaton nan shi ya fi ban tsoro, yakan kai girman kan jariri, kana shafa cikin kare ka ji shi a bayan haƙarƙari, amma shi ne ya fi sauƙin magani. Kansar naman hanta mai zama ƙato ɗaya a hankali take girma kuma ba ta cika bazuwa ba. Akwai binciken da aka wallafa a Amurka a 2004 kan karnuka 48 masu irin wannan ƙari, waɗanda aka yi wa aiki aka yanke ɓangaren, tsakatsakin rayuwarsu bayan aikin ya haura kwana 1,460, wato shekara huɗu, waɗanda ba a yi wa ba kuwa wajen kwana 270 ne. Kaga tazarar ba ƙarama ba ce. Hanta Allah Ya yi ta tana sake tofowa, in sauran naman lafiyayye ne ana iya cire fiye da rabi kare ya rayu. Wanda ya zauna a ɓarin hagu ya fi sauƙin cirewa, na dama yana maƙale kusa da babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, a nan haɗarin zubar jini ya fi yawa.

Su kuma masu warwatsuwa da masu ratsa nama, gaskiya aiki ba ya kai musu, kuma maganin kansa na allura bai cika tasiri a kan kansar naman hanta ba. Limfoma ce dai ke jin maganin sosai, takan lafa na watanni. Shi ya sa sanin wace iri ce yake da muhimmanci haka, dan tsakanin a yi aiki da a haƙura, amsar tana can.

Matsalar ita ce alamomin duk iri ɗaya ne da na cututtukan da muka saba gani kullum. Rashin cin abinci, rama, kasala, amai, yawan shan ruwa da yawan fitsari, ruwa ya taru a ciki, wani lokaci ido da dasashi da cikin kunne su koma ruwan ɗorawa. Babu ko ɗaya a ciki da ke cewa kansa. A wajenmu in kare ya yi shawara, abu na farko kaska ce. Akwai ƙwayar cuta babesiya da kaska ke sakawa, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su, sai zazzaɓi, fitsari ya yi duhu kamar shayi, saifa ta kumbura. Akwai erlikiya, ita ma ta kaska, mai sa haɓo da rama. Akwai sammore ga karnukan da ke shiga dajin da ke da ƙudan tsando. Akwai cutar fitsarin ɓera, leftosfira, wadda ke yawa da damina a fadamu da kududdufai, tana taɓa hanta da ƙoda, kuma ita mutum ma yana ɗauka ta hanyar fitsarin karen, dan haka yara su daina wasa a wajen. Tsutsar ciki mai shan jini kaɗai ta isa ta sa kwikwiyo ya rame ciki ya cika da ruwa. Ciwon zuciya ma yana tara ruwa a ciki. Karya kuma in mahaifa ta cika da mugunya bayan ta gama yawon barbara, ciki zai kumbura ta dinga shan ruwa kamar me, wannan aikin gaggawa ne ba kansa ba.

Sai wanda ya fi shafar mu mu manoma, wato fumfuna. Masarar da aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba, gyaɗar da ta sha ruwa, dusa da tunkuza da suka yi kore-kore, a cikinsu akwai gubar da ake ce wa aflatoksin. Mu kuma al'adarmu abin da ya lalace mutum ba zai ci ba shi ake dama wa kare. Kare yana cikin dabbobin da wannan guba ta fi yi wa illa, tana ƙone hanta cikin 'yan kwanaki ko makonni, shawara, amai, kashi da jini. A Afirka ta Kudu a 2011 karnuka sama da 200 suka mutu saboda abincin kanti da ya gurɓata da ita, a Amurka ma an yi irin haka a ƙarshen 2020. Alamar da za ta nuna maka ita ce karnuka biyu ko uku a gida ɗaya su kwanta lokaci ɗaya, kansa ba ta yin haka, ɗaya take kamawa. A ɗan Adam dai an tabbatar aflatoksin na jawo kansar hanta, musamman in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B wanda ya yi mana katutu a Arewa, dan haka in karnukan gida suka kwanta daga cin wani hatsi, to mutanen gidan ma su dubi abin da suke tuƙawa. Shi nau'in B ɗin na mutane ne, kare ba ya ɗauka ba ya bayarwa, nasa ciwon hantar na ƙwayar bairos daban ne kuma yana cikin allurar rigakafin da ake yi wa kwikwiyo.

Akwai wani wuri mai haɗari da dole in tsaya a kai. In hanta ta gaza, dattin da ya kamata ta tace yana hawa ƙwaƙwalwa, sai ka ga kare yana zagaye, yana tura kai jikin bango, yana dalalar da miyau, bai gane ubangidansa ba, wani har farfaɗiya. Wani ƙaton ƙarin kuma yana sa sukarin jini ya faɗi ƙasa, shi ma ya kawo jijjiga. Duk wannan ya yi kama da haukan kare, kuma a ƙasarmu haukan kare ya fi kansar hanta yawa nesa ba kusa ba, shi kuma in alamarsa ta bayyana a jikin mutum babu magani. Saboda haka ɗan uwa in ka ga kare a wannan hali ka ɗauke shi a matsayin mahaukaci tukuna, kar ka sa hannu a bakinsa, a killace shi inda yaro ba zai kai ba a kira malamin dabbobi. In ya ciji wani a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a tafi asibiti ranar, kar a jira. Karen da ke da takardar rigakafin hauka ta shekarar nan shi ne likita zai iya taɓawa da kwanciyar hankali ya nemi wani dalilin, kaga amfanin takardar kenan.

To yaya ake ganowa? Mataki mataki ne, kuma ni a ganina jerin matakan shi ne rabin aikin, dan kuɗin talaka ba shi da yawa, bai kamata a fara da mai tsada ba alhali mai arha zai iya warware maganar. Farko labari da hannu. Shekarar karen nawa, tun yaushe ya fara, a hankali ya rame cikin watanni ko kwana uku ne, me yake ci, an sa maganin ɓera a gidan ko a maƙwabta, sauran karnukan fa. Sai likita ya auna zafin jiki, ya duba dasashi, ya lalubi kaluluwa a wuya da bayan gwiwa, ya shafa ciki. A mafi yawan karnuka masu ƙarin hanta hannu yana jin wani abu a gaban cikin.

Daga nan sai jini. Ɗigo ɗaya daga gefen kunne a shafa a gilashi a rina a duba a madubin likita, in babesiya ce ko sammore sau da yawa ga su nan a fili, sai a auna yawan jini a duba kashi dan ƙwan tsutsa. Wannan ba ya buƙatar babban asibiti, kuma a nan yawancin shari'o'in ke ƙarewa. In ba a ga komai ba sai gwajin aikin hanta, inda za ka ga an rubuta ALT da ALP da AST a takarda. Waɗannan sinadarai ne da ke zuba cikin jini in hanta ta ji rauni ko ruwan matsarmama ya toshe. Ku lura da kyau, hawansu yana cewa hanta na cikin matsala ne kawai, bai faɗi wace matsala ba, guba tana ɗaga su, cuta tana ɗaga su, kansa tana ɗaga su, sannan girman lambar ba shi ke nuna girman cutar ba. Shi ALP ma a kare yana da wata ɗabi'a, allurar deksa, wato maganin nan mai rage kumburi, da danginta suna harba shi sama ko hanta lafiyarta ƙalau, kwikwiyo mai girma ma nasa a sama yake saboda ƙashi. Mu kuma ga mu da son deksa, dabba ta yi laushi kaɗan sai a soka mata. Bayan rikita gwajin jini, deksa tana narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, in aka zo ɗaukar samfur sai a rasa su, cutar kuma ta dawo da taurin kai.

Tunda na taɓo magani bari in ƙarasa. Farasitamol da muke ba kare dan mun ga yana zazzaɓi, in ya yi yawa hantar yake ci. Diklofenak da ibufurofen suna huda masa ciki su taɓa ƙoda. Maganin sammoren shanu, wanda ake damawa a ruwa ya yi rawaya, yana kashe babesiya gaskiya ne, amma a kare tazarar da ke tsakanin magani da guba 'yar kaɗan ce, in aka zarce ko aka maimaita kusa da kusa ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Maganin ciwon hantar shanu kuwa na tsutsar hanta ne, ba abin da zai yi wa ƙari. Duk abin da ka riga ka ba karen ka faɗa wa likita, ka tafi da kwalbar ko takardar ma, ba abin kunya ba ne, ɓoyewar ce ke ɓatar da shi.

In ciki da ruwa, likita zai soka allura ya zuƙo kaɗan, launinsa kaɗai yana magana. Fari garau yakan nuna sinadarin gina jiki ya yi ƙasa a jini, jini tsantsa yana nuna ƙari ya fashe ko kuma maganin ɓera mai hana jini daskarewa, mai kauri da wari mugunya ce. Amma ba kasafai ake kama ƙwayoyin kansar hanta a cikin ruwan ba.

Sai hoto. Sikanin, irin wanda ake yi wa mata masu ciki, shi ne babban makami a nan. A hana kare abinci tun dare, a aske cikin, a ɗora na'urar. Zai nuna ko ƙari ɗaya ne ko da yawa, a wane ɓari yake, yaya saifa da matsarmama da kaluluwar cikin ciki suke. Eksire na ƙirji kuma dan a ga ko abu ya riga ya haura huhu, dan in ya haura babu amfanin wahalar da dabba da wuƙa. A ƙasashen da ke da hali ana ƙarawa da siti sikan, wani hoto mai nuna cikin jiki dalla dalla, kafin aiki dan a ga yadda ƙarin ya kusanci manyan jijiyoyi. Amma ga inda mutane da yawa ke faɗawa, har da wasu masu riƙe da na'urar, sikanin ba ya faɗin sunan ƙari. Tsofaffin karnuka da yawa suna da 'yan ƙulalai a hanta na tsufa kawai, ba kansa ba ne ba sa yin komai, kuma a allon na'ura kamanninsu ɗaya da na mugun. Ƙurji mai mugunya, jini da ya daskare, ƙari marar illa, duk suna iya fitowa iri ɗaya. Wanda ya kalli allo ya ce maka tabbas kansa ce ya faɗi abin da allon bai faɗa ba.

Nama ne kaɗai ke yanke hukunci, kuma hanyar ɗauko shi iri iri ce. Mafi sauƙi siririyar allura, ana kallo a sikanin a soka cikin ƙarin a zuƙo 'yan ƙwayoyi a shafa a gilashi. Kwatankwacin ƙarfen nan ne da 'yan kasuwar Dawanau ke soka wa buhu su zaro 'yan tsaba a tafin hannu, za ka ga irin hatsin amma ba ka ga yadda cikin buhun yake ba. Ga limfoma wannan hanya tana aiki da kyau dan ƙwayoyinta a bayyane suke. Ga kansar naman hanta kuwa tana yaudara, saboda ƙwayoyinta sau da yawa kamarsu ɗaya da na lafiyayyar hanta, bambancin yana cikin yadda suka jeru ne, ita kuma allura ta riga ta wargaza jerin. Wani bincike da ya gwada sakamakon siririyar allura da na yankan nama a hantar karnuka ya samu sun dace a kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai. Dan haka in allura ta ce kansa, akwai ƙamshin gaskiya, in ta ce ba komai, ba a gama ba.

Mai ƙarfin ita ce bayofsi, wato a yanko ɗan guntun nama, ko da allura mai kauri ko a buɗe ciki a yanko da wuƙa. Kafin a yi dole a gwada daskarewar jini, dan hanta ce ke ƙera yawancin sinadaran da ke tsayar da jini, in ta gaza ƙaramin rauni zai iya zama ajali, wani sai an yi masa allurar bitamin K ko ƙarin jini daga wani kare tukuna. Guntun naman a jefa shi a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa a aika wa likitan da aikinsa kenan duba nama, ya yanka shi siriri fiye da takarda ya rina ya duba. In ƙwayoyin sun rikice har ba a gane asalinsu, akwai rini na musamman da ke kama kowane iri daban, wani na kama ƙwayar naman hanta, wani na hanyar matsarmama, wani na kasinoyid, ta haka ake rabe waɗannan da ba a cika gani ba. In kuma ƙaton ƙari ɗaya ne kuma huhu fes yake, likitoci da yawa ba sa ɓata lokaci da bayofsi daban, sai su shiga su cire ɓangaren gaba ɗaya su aika shi gwaji, aiki ɗaya ya zama magani ya zama bincike. Ga mai ƙaramin ƙarfi ni wannan na fi ganin hikimarsa, barci ɗaya kuɗi ɗaya.

A ina za a yi duk wannan? Duban jini da kashi a fara da asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma ko na cikin Kano ko Dutse, su ne za su tura ka gaba in abin ya fi ƙarfinsu. Aikin buɗe ciki da duban nama kuwa sai manyan wurare, mafi kusa da mu da aka daɗe da sani shi ne asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai irinsa a Sakkwato da Maiduguri, sai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato, wadda ke can tun 1924, nan ake kai samfur har da kan karen da ake zargin hauka. Ba sai ka ɗauki kare ka kai Vom ba, naman da ke cikin fomalin yana tafiya a 'yar kwalba bai lalace ba.

Ba kowa zai iya bin hanyar nan har ƙarshe ba, na sani sarai, mutumin da ke lissafin takin bana ba zai sayar da akuya biyu dan hoton kare ba kuma ba wanda zai zarge shi. Amma matakin farko, jini a gilashi da duban kashi da canza abinci, wannan kusan kowa zai iya, kuma shi ne ke ceto mafi yawa. In an bi an ga ƙari ne da ya warwatsu, sai a koma sauƙaƙa masa, abinci mai laushi kaɗan kaɗan sau da yawa, ruwa mai tsabta a kusa, inuwa, a daina fita da shi daji, maganin amai da na zafi wanda likita ya zaɓa dan hanta marar lafiya ba kowane magani take iya narkarwa ba. In ya kai ba ya ci ba ya tashi, ka zauna da likitan ku yi magana a kan abin da ya fi masa sauƙi, kar a ja shi bayan gari a yar yana numfashi.

In kuma ya mutu ba a gane dalili ba, ina roƙon sarakunan baka da shugabannin 'yan farauta su ƙarfafa wa yaransu su bari malamin dabbobi ya buɗe gawar, matuƙar karen bai nuna alamar hauka ba, in ya nuna kuwa kar kowa ya taɓa sai ma'aikata. Buɗewar tana amfanar sauran karnukan gidan, hantar da ta yi rawaya ta yi laushi gaba ɗaya tana nuna guba ko abinci, sai a je a duba rumbu da buhun dusa tun kafin na biyu ya kwanta, ƙari guda ko ƙulalai kuma labari ne daban. A yi shi cikin 'yan awanni dan zafin garinmu yana narkar da hanta da wuri, a sa safar hannu, a yanko guntu bai wuce kaurin ɗan yatsa ba daga bakin ƙarin inda ya haɗu da lafiyayyen nama, dan tsakiyar ƙaton ƙari yawanci ruɓaɓɓe ne ba abin da za a karanta a ciki. Fomalin ya ninka naman sau 10, kar a sa a firiza dan ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin, a rubuta shekarun karen da jinsinsa da ranar a jikin kwalbar. Sauran gawar a binne ta da zurfi inda wasu karnuka ba za su tono ba.